Yadda Ake Hura Wuta da Kashe Ta a Dazukan Kanada Lokacin Zafi

Daga watan Yuni zuwa Agusta dazukan Kanada kan bushe ƙayau. A shekarar 2023 gobarar daji ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a ƙasar, hayaƙinta ya turnuƙe har birnin Niyok na Amurka.

Da farko, bincika ko hukuma ta hana hura wuta a yankin da za ka kwana. In ta hana, a haƙura.

In an bari, nemi fili nesa da rassan itatuwa, ka share busassun ganye da ƙirare har ka tarar da ƙasa tsantsa ko dutse. A lardin Biritish Kolombiya doka ta ce kada wutar ta wuce rabin mita a tsawo da faɗi, kuma a ajiye shebur ko ruwa lita 8 a kusa. Kada ka bar ta ita kaɗai.

Wurin kashewa ne mutane suka fi yin sakaci. Kwarara ruwa, ka motsa tokar da shebur, ka sake kwararawa. Kusanto da bayan hannunka. Muddin akwai ɗumi, aiki bai ƙare ba. Kada ka binne ta da ƙasa kawai, domin ƙasan waɗannan dazuka cike yake da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi, wuta kan ci a ɓoye kwanaki ta ɓullo can gaba. Wata ma takan shafe hunturu tana ci a ƙarƙashin dusar ƙanƙara.

In ka hango hayaƙi a lardin Biritish Kolombiya, kira *5555 ta wayar salula ka kai rahoto.