Wayarka 108MP ce amma hoton dare ya ƙi kyau? Ga inda ake kuskure

Saurayi zai sayar da buhun riɗi, ya shiga Farm Centre a Kano ya zaɓi waya saboda lambar da aka rubuta a kwali. Ranar kamu da daddare ya ɗauki amarya, hoto ya fito dishi-dishi da ɗige-ɗige, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, lambar ya yi wa gurguwar fahimta.

A bayan gilashin kyamara akwai ɗan faranti da ake kira sensa, an rarraba shi gida-gida, kowane gida fiksel ne mai tarar haske. 108MP na nufin fiksel miliyan 108. Kamar jera kwanoni ne a tsakar gida lokacin ruwan sama: in ka cika wurin da ƙananan kwanoni, kowanne ɗan kaɗan zai samu. Faɗin fiksel a sensar 108MP ta farko da Samsung ya yi maikiron 0.8 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), na kyamarar Nikon D3 ta 2007 kuwa, mai 12MP kacal, ya haura 8. Don haka in za ka saya, tambayi girman sensa, ko mafi sauƙi ka gwada wayar a lungun shago inda babu haske.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne kunna 108MP ko 50MP da daddare. Masu ƙera wayar sun san fiksel ɗinsu ƙanana ne, shi ya sa take haɗa tara ko huɗu su zama ɗaya, ta ba ka hoton kusan 12MP mai tsabta. Kai kuma ka je ka wargaza haɗin. Bar ta yadda ta zo. Babbar lambar ta rana tsaka ce, misali hoton sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ma ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp zai matse shi.

Jawo hoto da yatsu biyu yanke shi kawai yake yi a yawancin wayoyi. Matsa kusa.

Masu babbar kyamara na biki da hawan sallah, kada ku canza gilashi a fili lokacin hunturu. In ƙura ta shiga, za ku ga tabo wuri ɗaya a kowane hoto. A hure da 'yar robar busa iska, ban da baki, ban da gefen riga.