Yadda magidanci zai koyi wasan cafe ƙwallo uku bayan ya haura shekara arba'in

A ƙauyukanmu na ƙasar Birnin Kudu, jikin magidanci ba ya hutawa tun daga shuka, firi da maimai, har zuwa girbi. Amma da zarar an kai hatsi rumbu, duk wanda ba shi da fadama ko aikin noman rani sai ya koma zaman majalisa a gindin darbejiya, daga hantsi har a kira Azahar. Wanda ya haura arba'in shi ne ya fi jin illar wannan zama, domin kafin damina ta zagayo kafaɗa ta yi nauyi, gwiwa ta sandare, hannu kuma ya rage sauri. Wasan cafe, wato jefa ƙwallo uku sama ana cafe su bi da bi ba tare da ɗaya ta taɓa ƙasa ba, yana cikin abubuwan da na ga sun dace da wannan lokaci, saboda ba ya cin kuɗi kuma ba ya bukatar fili.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar dattijo shi ne kunya, ganin wasan ya yi kama da carafken 'yan mata. Ranar da na fara, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, da girmanka?" Na gaya mata cewa jiki amana ne, kuma kula da shi ba ya rage girma. Wasan tsoho ne ƙwarai, domin a kaburburan Beni Hasan na ƙasar Masar akwai zanen mata suna yin sa, zanen da ya kai kimanin shekara 4,000. A shekarar 2004 kuma mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da aka yi a Jami'ar Regensburg ta ƙasar Jamus, inda aka ga cewa mutanen da suka yi wata uku suna koyon wasan sun samu ƙaruwa a sashen ƙwaƙwalwa mai lura da motsin abin da ido yake gani. Da suka daina, ƙaruwar ta ragu. Darasin da na ɗauka shi ne a riƙa yi a kai a kai.

Abu na farko shi ne haɗa ƙwallayen, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Goruba ta yi tauri, idan ta sauka a kan yatsa sai an ji a jika. Lemon tsami kuma ba shi da nauyi, kuma yana faɗuwa zai gangara ƙarƙashin gado. Abin da ya fi shi ne a samu tsofaffin safa uku, a zuba wa kowace gero kimanin giram 120, wato abin da zai cika tafin hannu ya ɗan yi tozo, a ƙulle bakin tamau, sannan a juya ragowar safar a lulluɓe ƙullin. Irin wannan ƙwallo idan ta faɗi tana tsayawa inda ta faɗi, kuma tana zama daram a tafin hannu. A tabbatar ukun nauyinsu ɗaya. Bayan an gama wasa a ajiye su a cikin kwano mai murfi, don ɓera ba ya barin gero ko da a cikin safa yake.

Sai a fara da ƙwallo ɗaya, ko da zuciya tana gaggawa. Mutum ya tsaya ƙafafunsa a ɗan ware, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, tafin hannu a buɗe daidai cibiya. Ya jefa ƙwallon daga dama zuwa hagu, ta yi baka ta kai daidai goshi ko ta ɗan ɗara, sannan ta sauko da kanta cikin hannun hagu. Kada hannu ya tashi ya tare ta a sama, a bar ta ta zo. Ido kuma ya tsaya a ƙololuwar da ƙwallon take kaiwa, ba a kan hannu ba. Wannan mataki yana da gundura, amma duk wanda ya tsallake shi zai dawo gare shi daga baya, domin jifa mai kyau ita ce take haifar da cafewa mai sauƙi.

Ƙwallo biyu ita ce wurin da ake daɗewa, kuma ita ce ainihin wasan. A riƙe ɗaya a kowane hannu, a jefa ta dama, idan ta kai ƙololuwa tana shirin saukowa sai a jefa ta hagu ta ƙarƙashinta, ita ma ta kai tsayi ɗaya da ta farko. Mai koyo ya riƙa faɗa a bakinsa: jefa, jefa, cafe, cafe. Kusan kowa hannunsa yakan so ya miƙa ƙwallo ta biyu kai tsaye zuwa ɗaya hannun maimakon ya jefa ta sama, musamman wanda ya saba wasa da dutse biyu tun yana yaro. Maganin wannan shi ne a ɗan lokaci a daina cafewa gaba ɗaya, a jefa biyun a bar su su faɗi a kan tabarma, a saurari ƙarar faɗuwarsu. Idan an ji tim, sannan tim, da tazara a tsakani, to jifar ta daidaita. Daga nan a koma farawa da hannun hagu har shi ma ya saba.

Idan wannan ta zauna, ta uku ba ta da wuya kamar yadda ake zato. A riƙe biyu a dama, ɗaya a hagu, a fara da hannun da yake da biyu. Burin farko jifa uku da cafewa uku ne kawai, sannan a tsaya. Bayan an iya wannan sau goma a jere, sai a ƙara jifa ta huɗu, a hankali har a kai jifa shida. Idan mutum ya ga yana bin ƙwallayen yana tafiya gaba, alama ce cewa yana jefa su nesa da ƙirjinsa, sai ya tsaya yana fuskantar bangon ɗaki da tazarar kamu biyu, bangon zai gyara masa hannu.

Minti goma zuwa sha biyar kullum, bayan sallar Asuba ko da sanyin La'asar, sun fi awa guda sau ɗaya a mako. Ƙwallo za ta faɗi sau ɗari, kuma sunkuyawar ɗaukarta ma motsa jiki ce, muddin an lanƙwasa gwiwa ba a karya ƙugu ba. Mai fama da hawan jini ko jiri ya tsaya a gaban gado don ƙwallayen su faɗi a kan katifa, kuma duk wanda ya ji zafi mai suka a kafaɗa ya dakata ya je a duba shi a asibiti. Wasan nan ba ya maye gurbin tafiyar ƙasa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, saboda haka ranar kasuwa, idan ba ta yi nisa ba, a ajiye babur a taka da ƙafa.