Yadda Ake Rayuwa da Cutar Gazawar Adirinal

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira adirinal, kuma ita ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke hana jini da sukari su yi ƙasa a lokacin da jiki ya shiga wahala, tare da wani sinadarin da ke tsare gishiri da ruwa a jiki. Idan ta gaza, sai mutum ya riƙa shan abin da ya rasa a matsayin ƙwaya, galibi har iyakar rayuwarsa. Wani likitan Ingila mai suna Thomas Addison ne ya fara bayyana cutar a shekarar 1855, shi ya sa ake kiranta da sunansa, kuma tsohon shugaban Amurka John Kennedy ya yi mulki yana ɗauke da ita.

A Turai yawanci garkuwar jiki ce ke cinye tsokar, amma a wajenmu tarin fuka na daga cikin manyan dalilai. Akwai kuma matan da suka zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har wata tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke ba adirinal umarni, ta lalace, sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke. Dalilin da ya fi damuna shi ne wanda muke jawo wa kanmu: ƙwayoyin sha-ka-fashe irin su deksa da ake sha don a yi ƙiba, da wasu mayukan bilicin masu ɗauke da irin wannan sinadari. Idan aka daɗe ana amfani da su adirinal takan daina aiki, ranar da aka yanke su farat ɗaya kuwa jiki ba shi da madogara. Mai shan su ya je wurin likita a riƙa rage masa sannu a hankali.

Yayata ta kusa shekara guda tana ramewa, tana jiri duk lokacin da ta miƙe daga zaune, a wani ƙaramin asibiti kuma ana ta ɗura mata maganin taifot. Mu a gida mun lura tana lasar gishiri a tafin hannu kamar mai ciki, dadashinta da layukan tafin hannunta sun yi baƙi, amma ba mu san alamu ba ne. Wanda ya ga irin wannan ya nemi a tura shi babban asibiti, kamar na koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a auna kotisol ɗinsa. Da safe ake ɗibar jinin, wajen ƙarfe takwas zuwa tara, domin a lokacin ne sinadarin ya fi yawa a jikin mai lafiya.

Maganin kullum shi ne haidirokotizon, madadin kotisol ɗin da jiki ya rasa, wanda babba kan sha miligiram 15 zuwa 25 a rana, a raba sau biyu ko uku. Kaso mafi girma ana shan sa da zarar an farka, don haka ya fi sauƙi a haɗa shi da sallar asuba, na biyu da azahar, na ƙarshe kuma kada ya wuce la'asar sakaliya saboda yana hana barci. Inda ƙwayar ta yi wuyar samu, likita kan mayar da mutum kan firednisolon, miligiram 3 zuwa 5 a rana. Wanda adirinal ɗinsa ce da kanta ta lalace yana buƙatar ƙarin wata ƙwaya, fuludirokotizon, mai tsare gishiri. Ita ba kowane kemis ke ajiye ta ba, saboda haka a sayi ta wata biyu ko uku, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma a fara neman wata tun kafin ta hannu ta ƙare.

Inda rai yake shiga hatsari shi ne ranar rashin lafiya. Jikin mai lafiya yana ƙara kotisol da kansa idan zazzaɓi ya kama shi, amma mai wannan cuta shi zai yi ƙarin da hannunsa. Don haka ma'aunin zafin jiki wajibi ne a gidan. Idan zafi ya kai 38 a ninka haidirokotizon sau biyu, idan ya kai 39 a ninka sau uku, a ci gaba har zazzaɓin ya sauka, sannan a koma yadda aka saba. Fuludirokotizon ba a ninka ta. Wannan ƙari ba ya maye gurbin maganin abin da ya kawo zazzaɓin, kuma da damina, lokacin da cizon sauro ke kwantar da rabin unguwa, a je a yi gwaji a ranar farko, kada a jira a ga abin da hali zai yi. Mutane da yawa na tsoron ninkawar saboda sun ji cewa maganin na kumbura fuska, alhali kwana biyu ko uku na ƙari ba ya yin haka.

Amai da gudawa sun fi zazzaɓi muni, domin ƙwayar ba ta zama a ciki. Idan an amayar da ita cikin rabin sa'a a sake sha, idan ta sake dawowa to lokacin allura ya yi: miligiram 100 na haidirokotizon a tsokar cinya, ta gefen waje, sannan a wuce asibiti a ɗaura ruwan gishiri. Yara suna da nasu adadin, wanda likita zai rubuta gwargwadon shekarunsu. Daren da abin ya same mu, Yaya na kwance a kan tabarma, jikinta ya yi sanyi, maganarta ba ta fita sosai, hannuna na rawa ina zuba ruwan allura a cikin 'yar kwalbar garin maganin. Mahaifiyarmu ta ce, "Ka bari mu kai ta tukuna, kada ka yi mata illa." Na ce, "Umma, likita ya ce a yi kafin a fita." Allurar da aka yi bisa kuskure ba ta cutarwa kamar wadda aka jinkirta. Aƙalla mutum biyu a gidan su koyi yin ta a gaban ma'aikacin jinya, kuma kwalba biyu da sirinji su zauna a wuri ɗaya da kowa ya sani.

A kuma sa likita ya rubuta kati mai sunan cutar da magungunan da umarnin gaggawa, da Turanci, ya sa hannu da hatimi, domin ma'aikacin da ke bakin aiki cikin dare mai yiwuwa bai taɓa ganin mai irin wannan cuta ba. Katin da allurar su kasance a jakar hannu ko da tafiyar ba ta wuce hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ba.

Zafin Maris da Afrilu na fitar da gishiri ta gumi, saboda haka mai shan fuludirokotizon kada ya bi shawarar rage gishiri da ake ba masu hawan jini, ya kuma ajiye garin ruwan gishiri da sukari a gida. Batun azumi kuwa a kai shi gaban likita tun a watan Sha'aban. Wasu akan canza musu tsarin shan magani su yi azuminsu, wasu kuma, musamman wanda bai daɗe da kwanciya asibiti ba, akan hana su, kuma shari'a ta ba mara lafiya rangwamen ramawa ko ciyarwa. Wanda ya ɗauka ya ji jiri ko amai ya karya nan take.

Duk likitan da zai taɓa mai wannan cuta a faɗa masa tun farko, ko da cire haƙori ne, balle tiyata ko haihuwa, domin ana ƙara magani kafin a fara. Rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka na sa jiki ya ƙone haidirokotizon da sauri, don haka akan ƙara adadin muddin ana shan sa. Wanda kuma aka gano yana da ƙarancin sinadarin da tsokar maƙoshi, wato tayirod, ke samarwa tare da wannan cuta, haidirokotizon ake fara ba shi, sai bayan kwanaki a ɗora masa na maƙoshin.