Darasi na Bakwai: Zaɓen Ma'aikacin da Zai Haɗa Sabon Ɗakin Girki

Ɗakin girki shi ne wurin da wuta da ruwa da wayar lantarki suke haɗuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, saboda haka kuskuren da za a iya jurewa a ɗakin kwana, a nan yana iya jawo gobara ko ciwo. A garuruwanmu irin su Garwa da Marwa da Ngaundare, gidaje da yawa suna barin rumfar zana ta tsakar gida suna komawa ɗakin bulo mai kanta, wato teburin kankare da ake aikin girki a kai, da famfo da tukunyar gas, ko da yake ba a rabu da murhun itace da gawayi ba, musamman ranar da za a tuƙa tuwon suna ko na biki. Yawancin aibin irin wannan aiki yana ɓuya ne a cikin bango da ƙarƙashin daɓe, ba ya fitowa sai an gama biya ma'aikaci ya tafi. Don haka ake zaɓen ma'aikaci da tsohon aikinsa wanda ido ya gani, ba da daɗin bakinsa ko arahar kuɗinsa ba.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne

Magini ne ke ɗaga bango ya zuba kanta. Mai aikin famfo da mai aikin wuta suna shimfiɗa bututunsu kafin a yi yaɓe, sannan mai tayil ya shigo, kafinta da mai walda su zo daga ƙarshe su kafa ƙofofi da kabad. Idan aka saɓa wannan jeri, za a wayi gari ana fasa sabon tayil domin a wuce da bututu, a biya aiki ɗaya sau biyu. Duk wanda ya ce maka shi kaɗai zai yi gini da famfo da wuta da katako, ka yi hattara da shi. Babu laifi a damƙa aikin gaba ɗaya ga shugaban aiki guda, amma ya faɗi sunan wanda zai yi kowane sashe, kuma ya yarda cewa duk abin da ya ɓaci shi za a tuhuma.

A fara da mai girki

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da za ta yini a wurin ita ta san inda take son murhu, da inda turmi zai zauna, da girman tukunyar da take ɗorawa, da ko a tsaye take aiki ko a zaune kan kujera 'yar tsuguno. Tsawon kantar girki daga ƙasa yakan kasance santimita 85 zuwa 90, amma a auna da jikinta, domin kantar da ta yi tsawo tana gajiyar da kafaɗa, wadda ta yi ƙasa kuma tana kashe baya. Idan a gidan mata ba sa fitowa gaban ma'aikata, sai ta shiga wurin da yamma bayan sun tashi ta zana abin da take so da gawayi a ƙasa da jikin bango, maigida ya nuna wa magini da safe.

A nan ne ake fara gane ma'aikacin kirki, domin shi tambaya yake yi. Zai ce, "Maigida, da itace za a riƙa girki ko da gas? Ta ina iska take shigo muku da rani? Ina ruwan wanke-wanke zai bi ya fita?" Wanda bai tambayi ta inda hayaƙi zai fita ba, bai san nauyin abin da ya karɓa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, tana kashe kimanin mutum miliyan 3 a kowace shekara, kuma mata da ƙananan yaran da suke goye su ne suka fi shaƙarta. Ɗakin da za a hura itace a cikinsa yana bukatar taga biyu masu fuskantar juna da kafar hayaƙi a sama kusa da rufi, idan kuma hali ya yi, a bar murhun itace a baranda a waje.

Gani ya kori ji

Ka nemi sunayen ma'aikata daga maƙwabta da abokan kasuwa waɗanda aka yi musu aiki suka zauna a cikinsa. Hoton da ma'aikaci zai nuna maka a waya ba shaida ba ne, tun da ba ka san hannun wa ya yi aikin ba. Ka roƙe shi ya kai ka gidan da ya yi wa ɗakin girki wanda ya ci damina biyu ko fiye, domin sabon aiki kowane iri kyau gare shi, damina da zafin watan Afrilu ne suke tona asirinsa. Ku tafi tare da uwargida, tun da ita ce za ta iya shiga cikin gida ba tare da nauyi ba, kuma matan gidan za su faɗa mata abin da ba za su faɗa a gaban maza ba.

Idan an ba ku izinin shiga, a ɗauki makulli a riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna daram yana ba da amo mai nauyi, wanda aka yi wa rowar siminti kuwa yana ƙara kamar an buga ƙwarya, kuma shi ne zai fashe ranar da aka ajiye turmi a kansa. A roƙi bokitin ruwa a zuba a ƙasa a tsaya a kalla: ruwan ya gangara ya nufi rariya da kansa, kada ya kwanta a lungu yana jiran tsintsiya. Gangaren da masu famfo suke ba bututun ruwan datti yakan kai santimita 2 a kowace mita. A buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a shafa hannu a ciki. Idan akwai danshi ko baƙin tabo, to mahaɗar bututu tana yoyo. A duba kuma ko akwai lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ɗan ruwa a cikinsa, domin shi ne ke hana wari da kyankyasai dawowa daga kwata. Daga nan a ɗaga kai a dubi saman ƙofa da taga, inda tsagewar bango take fara bayyana. Wannan ya fi muhimmanci a wajen Marwa da sauran wuraren da ke da baƙar ƙasar karal, wadda take kumbura da damina ta dare da rani, ta ja harsashin da bai yi zurfi ba.

Aikin kafinta kuma ana gane shi a ƙofofin kabad. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu daga dazuzzukan kudu yake zuwa, jirgin ƙasa ya kawo shi Ngaundare, manyan motoci su ƙarasa da shi arewa, sau da yawa da sauran danshinsa. Kafintan da ya yanka shi ɗanye, hunturu na shigowa katakon zai tsuke, ƙofa ta karkace ta daina rufuwa. Farin katako yana da araha amma gara tana son sa, allon da aka matse da garin katako kuwa yana kumbura da zarar ruwa ya taɓa shi. Shi ya sa ya fi dacewa a gina gindin kabad da bulo a ɗaga shi daga ƙasa, a bar katako ga ƙofofi kawai, a kuma shafa masa maganin gara.

Kafin ku fito, a tambayi masu gidan a bayan idon ma'aikacin ko ya gama a lokacin da ya ɗauka, ko kuɗi ya ƙaru a tsakiyar aiki, da ko ya dawo da aka kira shi gyara. Amsar ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi.

Tambayoyin da ke auna sani

Ba sai ka iya gini ba kafin ka gwada magini. Ka tambaye shi bulo nawa yake fitarwa daga buhun siminti mai kilo 50. Bulo mai santimita 15 mai ƙwari yakan fito wajen 30 zuwa 35 a buhu, wanda ya wuce haka da nisa yashi ne ya yi yawa. Ka tambaye shi kwana nawa za a yi ana ba kanta ruwa bayan an zuba ta. Kankare yana son a jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai wajen kwana 28, ballantana a watan Maris da Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Garwa. Siminti ba ya yi mana nisa, tun da ga masana'antar Cimencam a Figil a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, don haka babu dalilin karɓar buhun da ya daɗe a ajiye har ya dunƙule. Kana iya gwada kusurwar ɗaki da kanka: ka auna santimita 60 a jikin bango ɗaya, 80 a ɗayan, idan tsakanin alamomin biyu ya ba da 100 daidai, kusurwa ta miƙe.

Mai aikin wuta ya gaya maka kaurin wayar da zai sa. Wutarmu mai ƙarfin volt 220 ce, kuma wayar soket ana son ta kai murabba'in milimita 2.5, ta ƙwan fitila 1.5, a haɗa da wayar ƙasa wadda take kare mutum daga jan wuta, a kuma nisanta soket daga famfo da murhu. Game da gas, iskar da ke cikin tukunya mai kilo 12.5 ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta tsiyaya ƙasa take kwantawa. Saboda haka ba a rufe tukunyar a kabad marar kafa, ana barin mata hanyar iska daga ƙasa. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Ma'aikacin da ya ƙyasta ashana don gwada gas, a sallame shi a ranar.

Lissafi a rubuce

A karɓi lissafi daga ma'aikata biyu ko uku, kowannensu ya raba kuɗin kaya dabam, kuɗin aikin hannu dabam, ya rubuta adadin buhun siminti da rodi da yashi da tayil. A tayil ana ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Idan lissafin wani ya faɗi ƙasa sosai, a tambayi abin da ya cire, domin araha ba ta ado, kuma abin da aka rage a takarda daga cikin bango za a rage shi. Idan takardar da Faransanci aka rubuta ta, a sami wanda aka amince da shi ya karanta layi bayan layi kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa.

A daidaita tun farko ko aikin jinga ne ko na yini. Jinga ta fi sauƙin lissafi amma tana sa gaggawa, aikin yini kuma yana iya jan lokaci idan babu mai tsayawa a kai. Ko wanne aka zaɓa, ba a biyan kuɗi duka a gaba. Misali, idan kuɗin aikin hannu sefa 200,000 ne, ana iya ba da 50,000 kafin alƙalami, 60,000 idan gini da bututu sun kammala an gwada su da ruwa kafin a rufe, 60,000 bayan tayil da ƙofofi, a riƙe 30,000 har sai an yi mako biyu ana girki a ɗakin. A rubuta wannan a gaban shaidu biyu, ko a gaban jauro ko mai unguwa, kowa ya riƙe tasa takarda. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka babu wanda zai ɗauki rubutu a matsayin rashin yarda. Idan ma'aikacin ɗan'uwa ne ko suruki, rubutun ya fi zama dole, domin kunya tana hana faɗin aibi a kan lokaci, daga baya kuma zumunci ne yake lalacewa.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa haƙƙi a kanka. Ka kawo kaya da ruwa a kan lokaci, ka biya kowane kaso ranar da aka ajiye ba tare da ka sa shi zarya ba, idan kuma ka sake shawara bayan an ɗaga bango, ka biya kuɗin rushewa da sake ginawa da daɗin rai.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗin wurin girkin gidansu da igiyar awo, ya rubuta a littafinsa, ya zana inda taga da murhu da rariya za su kasance bayan ya yi shawara da mai girki a gidan. Sannan ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama magini ɗaya ya zama maigida, ku rubuta yarjejeniyar aikin sefa 160,000 da aka raba kashi huɗu, da ranar farawa da ranar gamawa da wurin sa hannun shaidu, ku kawo wa malami a zama mai zuwa.