Kafin ka shiga Birnin Ƙudus, fara kallon ƙaraminsa

Ni magini ne a Yamai, haifaffen Tawa. Duk wanda ya zo yi mini sallama zai tafi ziyarar Urushalima, wato Birnin Ƙudus, abu ɗaya nake roƙonsa: ɗan'uwa, kada ka fara da tsohon gari. Lungunansa sun fi na Babbar Kasuwa rikitar da baƙo. Ka fara zuwa gidan tarihin Isra'ila da ke unguwar Givat Ram, kusa da majalisar dokokinsu. A farfajiyarsa akwai maket, wato ƙaramin samfurin birnin kamar yadda yake a shekara ta 66 bayan haihuwar Almasihu, shekara 4 kafin Romawa su rushe shi a ƙarƙashin kwamandansu Titus.

Ka tafi da sassafe, da hula da gorar ruwa, don a fili yake, ba rumfa. Ranar Juma'a suna rufewa da wuri.

Ka riƙe ma'aunin a kanka: santimita 2 a nan mita 1 ne a can. Mutum mai tsayina bai kai ɗan yatsa ba. Da zarar ka gane wannan, sai girman abin ya sauko maka.

Kada ka yi ta ɗaukar hoto daga inda ka fara tsayawa. Zagaya ka tsaya ta gabas, kamar kana bisa Dutsen Zaitun. Daga nan Haikalin da sarki Hirudus ya sake ginawa zai fuskance ka, fari tas da adon zinariya, a tsakiyar makeken dandamali. Dandamalin nan yana nan har yau, a kansa Masallacin Aƙsa da Ƙubbar Sahara suke. Ta hannun damanka ga kagarar Antoniya mai hasumiya 4, inda sojojin Roma ke zaune suna leƙen masu ibada. Sai ka bi ta kudu a hankali, ka nemo Tafkin Siluwam can ƙasa, ka lura da yadda gidajen talakawa suka cunkushe a gangare, na masu hali kuma suna kan tudu kusa da fadar Hirudus.

Abin da ya tsayar da ni ya fi awa guda shi ne dutsen. Da ainihin farin dutsen garin aka yi shi, an yanka ƙanana an jera ɗaya bayan ɗaya, layi bai karkace ba. Na sunkuya ina ƙirga sahun katanga kamar a wurin aikina, har abokin tafiyata ya ce, “Malam, mota fa za ta tashi.” Wanda ya taɓa riƙe magwami ya san haƙurin da ke cikin wannan aiki.

Wani mai otal, Hans Kroch, ya sa aka yi shi don tunawa da ɗansa da ya mutu a yaƙin 1948. Farfesa Michael Avi-Yonah ya tsara shi, yana dogara da rubuce-rubucen Yusifus, masanin tarihin da ya ga birnin da idonsa. An buɗe shi a otal ɗin a 1966, aka yayyanka shi aka dawo da shi nan a 2006. Tunda daga rubuce-rubuce aka tsara shi, wasu gine-ginen kintace ne na masana, ka tambayi ɗan jagora wanne aka tono aka gani.

Kafin ka fita, shiga farar ƙubbar da ke gefe, inda aka ajiye tsoffin littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran a 1947. Washegari ka shiga tsohon gari ta Ƙofar Yafa da hoton maket ɗin a wayarka.