Kafin ka jona tsohon fiyano da wuta

A shagona da ke unguwar Nima a Accra, yawancin tsofaffin fiyanon da ake kawo min ba tsufa ya kashe su ba, gaggawar mai su ce. Mutum ya sayo gwanjo da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema, ko ƙura bai kakkaɓe ba sai ya soka a bango.

Fara juya bayansa ka karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta. Wutarmu a Ghana bolt 230 ce. Wanda aka ƙera don Japan 100 yake sha, na Amurka 120. Idan ka ga ɗayan biyun nan, sai ka nemi taransifoma mai rage wuta, ana samu a Zongo Lane, layin masu kayan lantarki a Accra. In ba haka ba, warin ƙuna za ka ji.

Masu adafta kuma tarkonsu daban. Yamaha PSR da yawa bolt 12 suke so, tsinken tsakiya fositif. Tsofaffin Casio masu bolt 9 kuwa tsakiyarsu negetif ce. Bakin ya shiga ramin lafiya lau, amma wuta ta juye. Akwai ɗan zane a gefen ramin mai alamar + da −, ka duba shi, sannan ka gwada adaftan da mitar auna bolt. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne" na mai sayarwa.

To ya kama, amma wasu maɓallan sun yi shiru, ko kana taɓawa a hankali su yi ihu? Cire shi daga wuta, ka kwance, ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowace waya. Kusoshin ma ka ware su, domin doguwa a gurbin gajera tana huda allon lantarki na ciki. Ƙarƙashin maɓallan PSR da Casio akwai dogon roba mai baƙaƙen ɗigo na gawayi. Ƙurar hunturu da kashin kyankyaso ke taruwa a nan. Auduga da sifirit, ka goge ɗigon da inda yake sauka a hankali, ka bari ya bushe. Ban da kankarewa da reza, ban da fesa man WD-40. Man nan na ƙarfe ne, nan datti kawai zai riƙe.

Yamaha DX7 na 1983 da Korg M1 na 1988 suna da ƙaramin batir CR2032 a ciki, shi ke riƙe muryoyin. Idan ya mutu, allon rubutu ya cika da shirme, sauti ya lalace, mai shi ya ɗauka aljanu ne. A DX7 da dalma aka liƙe shi, shi ya sa nake sa masa gida don canji na gaba ya yi sauƙi. Muryoyi 32 da ke cikin DX7 kuma ana dawo da su daga katirij (ɗan akwatin ajiyar muryoyi da ake soka masa) ko daga kwamfuta ta wayar MIDI (mai haɗa fiyano da kwamfuta), bayan an kashe makullin da ke hana sauya abin da ke ma'ajiyarsa.

Ɓangaren da wayar bango ke shiga, wannan ka bar wa mai gyara. Manyan kafasita, wato 'yan gwangwanin da ke tara wuta a ciki, suna riƙe wuta ko bayan an kashe.

Iskar tekun Accra tana sa ramuka tsatsa, don haka a lulluɓe shi da zane, kada a ajiye a ƙasa, a riƙa kunna shi ana kaɗawa lokaci-lokaci. Idan an tafi kiɗan biki ko suna aka ɗauke wuta, zare filogi nan take, domin dawowarta ta fi tafiyarta ɓarna. Janareto ma a bari ya daidaita tukuna, fiyano ya kama, lasifika ta zo a ƙarshe.