Kurakuran da muke yi wajen wayar wa manoma kai kan sauyin yanayi

Gaskiya abin da ya fi damuna da mu masu shiga ƙauye wayar da kai shi ne inda muke ɗauko zancen. Sai a tara dattawa a gindin darbejiya a fara musu bayanin iskar kabon da ƙanƙarar da ke narkewa can wata uwa duniya, alhali mutumin da ke zaune gabanka geronsa ne ya ƙone bara saboda ruwa ya ɗauke bayan ya yi shuka, sai da ya sake sayen iri. To shi fa ya riga ka sanin abu ya canza. Tambaye shi kawai, Baba da can yaushe kuke shuka, yanzu fa? Wallahi shi zai ba ka labari, kai naka ka ɗora a kai.

Sai maganar lokaci. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tun farkon shekara take fitar da hasashen damina, yaushe ruwa zai sauka, ina ake tsoron fari, yaushe zai ɗauke, amma mu sai watan Agusta za ka gan mu da lasifika, hatsi ya riga ya kai ƙugu. Tun da bazara ya kamata a kai shi, da Hausa, a rediyo da ranar kasuwa da bayan sallar Juma'a. Kuma dan Allah a faɗa musu hasashe ne, in ka mayar da shi alkawari ya saɓa sau ɗaya shikenan ba mai ƙara sauraronka.

Wanda ya fi yi min ciwo shi ne tsoratarwa ba mafita. A ce hamada na tahowa, tafkin Chadi ya janye, sai a yi hoto a shiga mota. To manomi ya yi yaya? Faɗa masa abin da ke hannunsa mana, kar ya yi gaggawar zuba duk irinsa a ruwan farko, ya nemi iri mai saurin nuna kamar geron SOSAT, in zai yi sassabe ya bar tohon gawo da sauran itatuwa su tashi yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi har gonakinsu suka farfaɗo. Gawo da damina yake kaɗe ganye, ba ya rufe amfani da inuwa, ganyen kuma taki ne.

Kar kuma a kai saƙo ɗaya ko'ina. Mai shinkafa a fadamar Haɗeja da ambaliyar 2022 ta cinye wa gona ba matsalarsu ɗaya da mai gero a tudun Daura ba.

In manomi ya ce daga Allah ne kar ka ja da shi, gaskiya ya faɗa. Ka je da liman ya tuna musu tawakkali bai hana shiri.

Mata kuma kullum mantawa ake da su, alhali su ke neman itacen girki da ruwa, da yawansu ma suna da 'yar gonarsu ta gyaɗa ko riɗi. Ba za su zauna a majalisar maza ba, sai a nemi mace 'yar'uwarsu ta shiga gida gida ta same su.